Firji a Hagun Yaya Nahuel

Alhamis 8 ga Mayu, 10:40 na safe, hanyar Paraná

Sannunku mutanena, 'yan gidan ƙungiyar kiɗanmu Tero Rengo, wato Gurgun Tsuntsu! Brisa ce taku ta kullum, mai sayar da riguna, mai riƙon shafi, mai zuba mate, shayinmu na ganye da ake zuƙa da bututu a ƙoƙo ɗaya. Au. Kun ga jarabar sabo ko? Wannan fa ba a shafi nake rubutawa ba, a can ƙuryar waya ne inda ba mai gani, amma yatsana ya riga ya saba da gaisuwa. To shi ke nan, ku zauna ko da ba kwa nan. Akwai maganar da ta yi sati uku tana cina, kuma an sa na rantse ba zan gaya wa mai rai ba. Waya dai ba ta da rai.

Amma ba yanzu ba. Mai maganar yana bayana.

Mun baro Rosario tun takwas. Wasa takwas cikin kwana goma sha bakwai, na ƙarshe bikin kiɗa na Oberá, wanda muka yi shekara shida muna mafarkin a gayyace mu. Colo ne a sitiyari, da jan gashinsa da camfe-camfensa, shi ne mai jitar bes. Tati mai waƙa ta naɗe wuya da gyale ta kwanta kan jakunkuna, ba ta magana kafin rana ta take, wai tana adana murya. Yayana Nahuel, mai ganga, yana can baya jikin tagar dama. Ni ce a gaba da filas tsakanin cinyoyi: in zuba, in miƙa wa Colo, ya zuƙe, ƙoƙo ya dawo, in zuba wa Tati, sannan Yaya. Haka tsarin yake tun ina shekara goma sha shida.

Motar nan Goggo muke ce mata, saboda ba ta tashi sai an lallaɓa. Tana wari kamar safar Colo.

Da za mu fito Mama ta riƙe fuskar Yaya da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ni na sunkuya ina ta latsa waya, alhali ko saƙo ɗaya bai shigo ba.

Alhamis, 5:15 na yamma, Paraná

Na yi! Kafin Colo ya gama neman wurin ajiye mota, ni da mai gidan wasan mun turo Firji mun kafa shi a hagun ganguna. Firji ita ce ƙatuwar sifikar bes ɗinsa, ta fi ni tsayi, ta fi ni nauyi.

Colo na shigowa ya tsaya cak.

"Uwar waya, wa ya taɓa min Firji?"

"Soket ɗin can gefen ya ƙone."

"Shekara shida ina tsayawa a hannun daman Nahuel. Ranar ɗaya da na tsaya hagu, tayar Goggo biyu suka fashe."

"To ka tsaya dama, wuta ta ja ka, gashin ya ƙara ja."

Tati ta yi dariya har da tari. Colo ya taɓa katako sau uku don kore tsautsayi, ya haƙura yana ƙunƙuni. Yaya bai ɗago ba, yana ɗaure faya-fayan tagulla, amma da na wuce ya daki ƙafata da sanda a hankali. Godiyarsa ke nan.

Juma'a 9, 11:05 na safe, gidan mai

Suna ciki suna cin burodi. Bari in faɗa da sauri.

Kunnen Yaya na dama ya tafi. Ba ya jin komai da shi sai kukan gyare. Rannan ya ce in raka shi sayen fatar ganga, sai ga mu gaban likita. Na zauna waje, ya fito da takarda, fuskarsa kamar an wanke ta da toka. An ce na hagu ma ya fara gajiya, ya ajiye sandar ganga yanzu, ya dawo a ƙara dubawa.

Ya ce, "Auta, bayan Oberá. Ki rantse."

Na rantse. Takardar tana ninke a bayan wayata, cikin roba, don Mama tana laluben aljihunsa in za ta yi wanki. Duk lokacin da na ɗauki hoto ina jin tudunta a tafin hannuna.

Mai ganga sai ya ji bes yake sanin inda yake a waƙa. In Firji na dama, ba ya jin sa. Shi ya sa. Dabarata ce, ba wanda ya koya min, kuma jiya ko kuskure ɗaya bai yi ba. Wadda ta bar makaranta a aji uku fa!

Ga su nan.

Asabar 10, 2:30 na rana, hanyar Esquina

Jiya a La Paz mutum goma sha huɗu da kare ɗaya. Karen ya fi kowa rawa. Na ɗora shi a shafi, ya fi duk waƙoƙinmu samun masu kallo, Tati ta ce a ba shi makirfo ita ta koma gida.

Ƙaryar da na yi wa Colo jiya don in matsar da Firji: ɗigon ruwa daga silin a gefen dama. Colo ya ɗaga kai ya daɗe yana nema.

Yanzu duk inda ya ga jajayen tutocin da ake kafa wa waliyyin matafiya a bakin hanya sai ya danna hon sau biyu maimakon ɗaya, wai yana biyan diyyar canjin gefe. Sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya, Colo ya ce in daina jijjiga masa mota.

Lahadi 11, 9:00 na safe

Ƙarya ta uku: wayar wuta ta yi gajarta. Sun fara ƙare min.

Talata 13, 4:10 na yamma, Goya

Kwana huɗu ba wasa, muna zube a ɗakin bayan wani abokin Colo, kan katifu biyu da buhun riguna. Na zaga garin nan sau uku. Na je bakin kogi, na dawo, na sake zuwa. Na ninke riguna, na warware, na sake ninkewa bisa launi. Na amsa duk wanda ya yi mana magana a shafi, har wanda ya ce sunanmu na gurgun tsuntsu ya dace da kiɗanmu. Na tura masa zuciya. Ni fa ba na iya faɗa da mutum.

Tati ta same ni ina shanya.

"Brisa, yayanki yana fushi da ni ne?"

"Fushin me?"

"Ya daina zama kusa da ni. Da in muna tafiya a titi kowane gefe ya samu yake bi, yanzu sai ya zagaya kamar jakin niƙa. Kuma ya daina yi min gardama. Nahuel fa! Wani ya yi masa tayin wata ƙungiya ne?"

"Haba Yaya Tati, wa zai ɗauke shi da wannan hancin?"

Ta yi murmushi, amma ba ta yarda ba. Su biyun suka kafa Tero Rengo a garejin babanmu, lokacin gangunan ma rabi bokitan fenti ne. Na so in rungume ta. Na ɗauki hoton shanya.

Alhamis 15, 6:20 na yamma, bayan gidan wasan Goya



Mai kula da sauti a nan tsoho ne, Baba Eusebio, ɗan gajere, da na'ura mai taimaka wa ji a kunnuwa biyu, kuma ƙafa ba takalmi yake aiki. Na ce ya taya ni tura Firji hagu. Ya taya ni. Aka fara gwaji, ya tsaya yana kallon Yaya, yana kallo, sai ya yafito ni waje. Raɗarsa ma ihu ce, Allah ya sa ana kiɗa.

"'Yar nan, ɗan'uwanki ne?"

"Yayana ne, Baba."

"Tun yaushe na daman ya mutu?"

Na ce ban gane ba. Ya ce in bar wannan, ya ga yadda yake karkata kai kamar kaza na kallon shaho.

"Wa ya ce ki ajiye masa wannan dodon a kunne mai ran?"

"Don ya ji bes, Baba."

"Zai ji kam. Yau zai ji, gobe zai ji. Nima haka na yi. Da na dama ya tafi, na miƙa na hagu, shekara biyu ya bi ɗan'uwansa." Ya ƙwanƙwasa na'urar da farce. "Mai ido ɗaya ba ya wasan yashi. Ke kuma kullum kina ɗebo masa a kwano."

Ya nuna min ƙafafunsa, ya ce shi yanzu da su yake jin bes, ta katakon ƙasa, shi ya sa ya rabu da takalmi. Ya ba ni alewa kamar wata yarinya ya koma ciki.

Wasa uku. Yau na huɗu. Ni da hannuna. Har ina yabon kaina.

Juma'a 16, 8:15 na safe

Na tare shi a bakin famfo yana wanke fuska. Na tsaya a hagunsa, kamar yadda na saba ba tare da na sani ba.

"Yaya, ba zan ƙara matsar da shi ba."

"Tsohon nan ne ko? Na ga ya ja ki."

"Kashe maka na hagun nake yi."

"Kunnena ne ko naki?"

"Hannuna ne ko naka?"

Ya goge fuska da riga. Ya ce saura huɗu. Ya ce in Firji ya koma dama gobe, waƙa ta biyu ba za ta ƙare ba sai kowa ya gane, a garin su Tati, gaban mahaifiyarta. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar buhu a kasuwar kayan gwari da safe don ya buga ganga da yamma, kuma ba wanda ya taɓa rubuta sunansa a allo sai Oberá.

"Auta, huɗu. Daga nan ki kai ni duk inda kike so, ko a baro."

Ya san ba na iya ce masa a'a in ya ce Auta da wannan muryar. Shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke bayan Baba ya tafi. Shi ne bai yi min faɗa ba da na daina zuwa.

Asabar 17, 5:40 na yamma, Corrientes

Na matsar. Ban ma yi ƙarya ba, Colo ya gaji da tambaya.

Lahadi 18, 10:30 na safe, gidan maman Tati

Wasan ya yi kyau, wuri ya cika, ba na son maganarsa.

Maman Tati ta gasa mana chipa, ƙananan burodi, tun da sassafe, duk gidan ƙamshin rogo da cuku. An ba mu gado na gaske da zanin gado mai guga. Ya kamata in ji daɗi.

Na fito tsakar gida na same shi ƙarƙashin bishiyar lemo. Na zo ta hagu na ce, "Yaya, ga mate." Bai juyo ba. Na sake faɗa. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura har ƙoƙon ya kusa zubewa.

Ya ce tunani yake.

Ya karɓa ya sha. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Gyaren sun zama biyu."

Sai ya ce wasa yake.

Lahadi, 3:00 na rana

Na buɗe shafi na rufe ya fi sau ashirin. Wata ta rubuta, "Mai gangar nan wuta ne, Allah ya bar mana shi." Na danna mata zuciya na shiga banɗaki.

Lahadi, 3:25

In na faɗa, na ci amanarsa. In ban faɗa ba fa? Ranar Alhamis Resistencia. Saura kwana huɗu in sake tura abin nan.

Litinin 19, 1:45 na rana

Na faɗa.

Ban shirya ba. Muna kan tebur, maman Tati ta fita sayen nama. Colo yana ta tsara yadda za a jera kaya a Oberá, ya ce can kam ko za a yanka shi dama zai tsaya. Yaya ya ce, "A'a, mu bar shi hagu, na saba." Ya kalle ni don in goya masa baya.

Na cire robar wayata. Yatsuna sun ƙi, sai da na sa haƙori. Na ajiye takardar kusa da farantin chipa.

"Brisa." Ba Auta ba. Brisa.

Tati ta karanta da ƙarfi, sai muryar ta riƙa raguwa har ta ɓace. Colo ya karɓa ya karanta, ya juya bayanta kamar zai ga an rubuta wasa ne.

"Wato ba soket," in ji shi.

"Ba soket."

"Ba ɗigon ruwa."

"Babu."

"Ni kuma ina ta ƙara murya don in ji kaina, tunda an canza min gefe." Ya dafe kai. "Wayyo Allah, Nahuel. A kunnenka nake ƙarawa, ɗan iska."

Tati ta miƙe. Ban taɓa jin ta yi ihu ba makirfo ba. Ta ce masa jaki, ta ce masa matsoraci, ta ce sati biyu tana zaton ya gaji da ita ne. Ta ce da me zai ji kukan ɗansa in ya haifa, da gwiwa? Shi dai ni yake kallo. Ya tashi, ya ɗauki jakar sandunansa, ya fita.

Sauran abin da aka faɗa ba zan rubuta ba.

Talata 20, 9:10 na safe

Ya dawo jiya kafin rana ta faɗi. Na zuba mate, Colo ya sha, Tati ta sha, na miƙa masa. Ya bar hannuna a sama. Sai da Tati ta karɓa ta ajiye.

Tun da nake ba a taɓa barin hannuna a sama ba.

Talata, 6:00 na yamma

Mama ta kira sau uku. Na tura mata hoton kogi.

Laraba 21, 12:20 na rana

Tati ta soke Resistencia da Posadas. Ni aka sa na rubuta sanarwa. Na rubuta "saboda dalilin lafiya", na goge, na rubuta "saboda Goggo", na goge, na mayar da na farko. Mutane suna ta tambayar wa ye ba lafiya. Wani ya ce dama ya san za mu watse. Wannan ban tura masa zuciya ba.

Oberá ne ba a yanke ba. Tati ta ce a soke. Yaya ya ce in an soke shi zai hau bas ya je ya buga shi kaɗai. Ta bakin Colo suke magana, suna ɗaki ɗaya. "Gaya mata." "Gaya masa." Colo ya ce shi bes ya koya ba aikin gidan waya ba.

Ni ba mai cewa a gaya min komai. Na wanke Goggo ciki da waje. Na samu cokali, da safa ɗaya, da sandar ganga da ta ɓata tun bara. Na ajiye masa a kan jakarsa. Tana nan inda na ajiye.

Wai na yi daidai? Maman Tati ta ce na yi. To me ya sa nake jin kamar na saci abu?

Alhamis 22, 4:50 na yamma

Ƙafafun Baba Eusebio! Ina yanke farce suka faɗo min. Na nemo lambar gidan wasan Goya a shafinsu, aka ba shi, ba ya ji a waya, sai muka koma rubutu. Yana rubutu da manyan baƙaƙe kamar yadda yake magana.

Ya ce gaskiya ita ce kada ya buga sam. Na ce zai buga ko mun ƙi. Sannan ya ce to: a toshe kunnuwan biyu da roba, a ɗora abin rufe kunne irin na masu fasa titi a kai. A kwantar da Firji rub-da-ciki a kan katakon da ganguna suke, nesa da kansa, fuskarsa na kallon ƙasa. Ya cire takalmi. Ya kalli ƙafar mai bes. Waƙa kaɗan, ba doguwa ba. "DAGA NAN LIKITA. KO DA IGIYA."

Na kai wa Colo, don ni ba a karɓar abu daga hannuna. Ya karanta ya ce, "Firjina a ƙasa kamar an yanka sa?" Ya taɓa katako. Ya ce to.

Juma'a 23, 11:30 na safe, Corrientes har yanzu

Mun gwada a kan dandamalin katako na majami'ar unguwarsu Tati. Abin rufe kunnen ruwan lemo ne, daga shagon kayan gini, mai shagon ya tambaye ni ko mijina birkila ne.

Karo na farko ya watse. Na biyu ya watse. Yaya ya jefar da sanda ya ce kamar yana kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Tati ta je gabansa, ta ɗaga gefe ɗaya na abin, ta ce, "Ko haka, ko gida. Zaɓi." Ta sake shi ya koma tas.

Na uku, Colo ya matso gaban ganguna yana buga diddige kamar doki. Sai na ga yatsun ƙafar Yaya sun kama katako. Suka kai ƙarshen waƙa tare. Tati ta juya baya tana gyara wayar makirfo da ba abin da ya same ta.

An yanke: waƙa huɗu maimakon tara.

Har yanzu bai kalle ni ba.

Asabar 24, 2:15 na rana, Oberá

Jar ƙasa ko'ina, takalmana sun rine. Sunanmu yana kan allo, can ƙasa, ƙanana, amma yana nan. Na ga Yaya ya tsaya gabansa ya daɗe. Na ɗauke shi hoto ta baya. Ba zan ɗora ba.

Ƙarfe biyar za mu hau, da sauran rana, kafin manyan ƙungiyoyi. Minti goma ake ba kowa ya jera kaya. Masu dandamali sun ce ba a kwantar da sifika a nan. Tati ta cire gyale ta yi musu magana. An kwantar.

Na sayar da riga biyu na ba da canji ba daidai ba duka biyun.

Asabar, 7:05 na yamma

An yi.

Ya hau ba takalmi, da abin lemo a ka, mutane suka fara fito suna zaton gayu ne. Ya ɗaga sanduna ya ƙirga huɗu. Colo yana gabansa, ba dama ba hagu, ya ba jama'a baya dukan wasan, yana buga diddige.

A waƙa ta uku ya wuce su. Kowa ya tsaya, shi yana ta bugawa shi kaɗai, ido a rufe, bai san an gama ba. Tati ta kalle shi, ta kalli jama'a, sai ta ɗaga hannu ta fara tafi bisa kiɗansa. Fili duka ya ɗauka. Ya buɗe ido ya ga dubban hannaye suna tashi suna sauka, ba ya jin ko ɗaya. Ya gane. Ya yi dariya irin wadda rabona da gani tun kafin takardar nan.

Ban ɗauki bidiyo ba. Ni! Wayar tana aljihu. Sai da aka sauko na tuna.

Lahadi 25, 1:30 na rana, hanyar gida

Yau hutun ƙasa, kowane ƙauye da tukunyar faten masara a bakin hanya, mun tsaya mun ci har Colo ya kwance bel. Na kira Mama da safe na gaya mata komai. Ta yi kuka, ta zage mu mu biyu, ta ce Talata ita za ta kai shi da kanta. Ba mu san me za a ce ba. Gyaren na hagu yana nan, ya ce wani lokaci yana yin shiru. Tati ta ce Tero Rengo ba ta da wani mai ganga, za a jira, ko shekara nawa ne. Colo ya ce dama gurgun tsuntsu ba ya sauri.

Da za mu tashi daga wurin faten, na zo shiga gaba na tarar Yaya a kujerata, filas a cinyarsa. Na koma baya, jikin tagar dama.

Ya zuba na farko ya shanye da kansa, mai ɗacin, kamar yadda ake yi. Ya zuba na biyu. Colo ya miƙo hannu ba tare da ya kalla ba, don shekara shida na biyu nasa ne. Ƙoƙon ya wuce shi. Ya wuce Tati. Ya zo har baya.

"Karɓi, Auta. Hannuna ya gaji."

Ruwan ya yi zafi da yawa, ya cika ganye, ko kusa bai iya zubawa ba. Na shanye har sai da bututun ya yi ƙara.

"Kin ci amanata," in ji shi.

"Na ci."

"Ki matso hagu in za ki yi magana."

Na matso.

Lahadi, 4:40 na yamma

Na ba shi wayar ya karanta duka, tun daga Paraná. Ya ce in cire maganar hancinsa. Ban cire ba. Ya ce in ɗora, wataƙila akwai wani jakin a wata motar da yake miƙa kunnen da ya rage.

To ga shi mutanena, ashe da ku nake tun farko. Wanda ya ɗauki bidiyon waƙa ta uku don Allah ya turo, mai ita bai ji tafin ba, yana so ya ƙara gani. Ku kuma ku gaya min a ƙasa: akwai wanda ya taɓa sa ku rantse, kuka riƙe masa abin da yake cinsa? Kun faɗa ko kun yi shiru? Kwana nawa ya bar hannunku a sama? Ku rubuto, saura awa shida mu kai Rosario, kuma cajina ya cika.